Baffa Bai Ruɗe Ba

Na Allah muke, wurinSa za mu koma, Baffa kuma ya riga mu tafiya. Wannan ban yi musu da kowa a kansa ba. Abin da na ƙi haɗiyewa shi ne maganganun da suka bi bayan gawarsa tun ƙasa ba ta gama rufe ta ba.

A waya aka yi zaman makokinsa. Lokacin an sake kulle Kuala Lumpur saboda korona, 'yan sanda sun datse hanyoyi, mu kuma muna can saman wani bene a Titiwangsa, ni da maigidana da yara da Inna, matar Baffa. Ba tabarma a ƙofar gida, ba masu shigowa da sallama. Matan 'yan Najeriya da ke benenmu sukan ajiye kular abinci a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa, su ja da baya da takunkumi a fuska, su yi gaisuwa daga nesa. Makcik, tsohuwar 'yar Malay da ƙofarta ke kallon tamu, ta rataya mana ledar shinkafa a mariƙin ƙofa tana cewa, “Makan, makan,” tana nuna bakinta, idonta taf da hawaye. Ko hoton Baffa ba ta taɓa gani ba.

Namu ne suka ƙona min rai. Matar wani lakcara, wadda mijinta abokin Yaya ne, wato ɗan Baffa, ta gama addu'arta, sai ta leƙa bayana ta tabbatar Inna ba ta kusa, ta rage murya.

“Wallahi it's so sad. Amma kin gane, everybody knows ba a fita daga mota a snow. Common sense ne. Tsufa ne kawai, confusion.”

Matar da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firij! Na ce mata na gode, na rufe ƙofa da ɗan ƙarfi. A gurup ɗin dangi kuwa wani ɗan'uwanmu ya rubuta wai Baffa ya ɗauka a hanyar Saminaka yake. Wata ta ce ƙauyanci ne, Allah ya yafe masa. Kawu, yayan Inna, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a danginmu, ya rufe zancen da cewa tsoho ya ruɗe, a rufa masa asiri. Sannan ya kira ni ya ba ni umarni: kada Inna ta san yadda mijinta ya rasu. A ce mata ciwon ƙirji ne, a asibiti, don tana da hawan jini.

Ga gaskiyar da aka ce in ɓoye. Baffa ya rasu ne a Kanada, a kan wata hanyar ƙauye, cikin guguwar dusar ƙanƙara. Motarsu ta maƙale, ya fita da ƙafarsa, bai iya komowa ba.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar babanmu, ban kuma taɓa jin bambanci tsakanina da Yaya, ɗansa na cikinsa, ba, sai dai Yaya ya fi ni shan bulala. Direba ne tun yana saurayi, ya ja babbar mota, ya ja bas, har gwiwa ta ce ya isa. Dab da ɓarkewar cutar Inna ta zo wurina wankan jego, shi kuma Yaya ya ɗauke shi zuwa Kanada a duba masa gwiwar. Sai duniya ta rufe, tsoho a can, tsohuwa a nan. Da jirage suka dawo aiki, matar Yaya na da ciki, aka ce Baffa ya tsaya suna. Inna ta ce ita ma ba za ta koma ta tarar da gida ba shi ba. Suka yi alkawarin haɗuwa a Kano bayan suna.

Wanda ya ce Baffa mai ganganci ne a hanya, bai taɓa shiga motarsa ba. Mutum ne da kafin ya kunna mota sai ya zagaye ta, ya haure kowace taya da ƙafa, sannan ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman wata. Idan hadari bai yi masa ba, ko Gwamna ne a kujerar baya ba za a tashi ba. Fasinja su yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa, sai ya ɓare goro ya ce, “Garin da za ku yana nan gobe. Ku ne ban tabbata ba.”

Ni kaina na sha wannan hali ranar da za a kai ni ɗakin mijina. An jera motoci, an yi min nasiha, na yi kukana na al'ada har na gaji, sai hadari ya haɗo daga gabas. Baffa ya bi direbobin nan ɗaya bayan ɗaya ya karɓe makullai, ya zuba a aljihun babbar rigarsa, ya ja kujera ya zauna a zaure. Gwaggo, ƙanwarsa, ta fito da mayafi a kafaɗa.

“Yaya, dangin ango na jira! So kake a ce mun raina su?”

“Su ce.”

“Abinci an dafa, an tara mutane!”

“Su ci abincin. 'Yata ba za ta hau hanyar nan cikin ruwa ba.”

Ruwan nan bai wuce yayyafi ba. Kafin magariba gari ya washe tas, hanya ko taɓo ba ta yi ba. Amma Baffa ya ce duhu ya yi, sai da safe. Haka na sake kwana a ɗakin Inna da lallena, ango na can yana zaman jiran tsammani. Gwaggo ba ta sake yi masa magana ba sai da Babbar Sallah, kuma har ya koma ga Allah bai ce ya yi kuskure ba. In aka tayar da zancen sai ya nuna ni ya ce, “Ga ta nan da ranta, har da 'ya'ya.”

Sai kuma maganar ganye. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya san idan mota ta lalace a kan titi, akan saro rassan itace a jera a kwalta tun daga nesa, don na baya ya gani ya rage gudu. Wasu direbobi sukan yi, wasu su yi lalaci. A wurin Baffa wannan kusa yake da farilla. Akwai adda a ƙarƙashin kujerarsa kullum. Ko motar wani ce ya gani a tsaye ba alama, sai ya faka, ya shiga daji ya saro, ya jera, ya wanke mai motar tas da faɗa, sannan ya kama hanyarsa. In ya dawo ya tarar an janye motar an bar ganyen, sai ya tsaya ya kwashe, wai kada mutane su saba ganin ganye ba dalili su daina jin tsoronsa.

Inna ta sha mita a kan haka. Tuwo ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa, sai ga shi ya shigo da ƙaya a riga.

“Malam, kai ne gwamnati?”

“Gwamnati tana barci. Ni na gani.”

Sau ɗaya na tambaye shi dalili. Ya ce tun yana sabon direba ya iso wata kwana ya tarar bas ta shige ƙarƙashin tirelar da aka bari ba alama, kuma yana cikin waɗanda suka fito da mutanen. Ban sake tambaya ba.

A watannin kulle, kullum da safe agogonmu, shi kuma yammacinsa, sukan yi hira da Inna ta bidiyo. Tsofaffi biyu, kowa ya kanga waya a hanci, ana faɗa kan wa ya fi ramewa. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya juya wayar ta taga.

“Hajiya, kin ga ikon Allah. Gari ake tankaɗowa daga sama.”

“To ka tara mana, masara ta yi tsada.”

Ya yi dariya, sannan ya ce, “Wannan abin ban san halinsa ba. Ina ganin yadda motoci ke rawa a kansa. Abin da ban san halinsa ba, ba na hawansa.”

Yadda ranar ta kasance, Yaya ne ya faɗa min da bakinsa, yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Matarsa ta haihu, namiji. A can ba a shiga kasuwa a jawo rago, sai an je gona a ƙauye, inda manomi zai bari ka yanka da hannunka. Ranar suna aka yi gargaɗin guguwa na tafe. Baffa ya leƙa sama ya ce a bari, rago ba zai tsufa a kwana biyu ba. Yaya ya ce motar na da tayoyin ƙanƙara, za su je su dawo kafin ta iso, kuma ba ya so a ce ɗansa ya wuce ranar suna ba yanka don an haife shi a ƙasar Turawa. Baffa ya ce ba shi ba tafiyar nan. Da ya ga Yaya ya ɗauki makulli da gaske, sai ya saka rigar sanyinsa ya bi shi. Cewa ya yi, “Ba zan zauna a ɗaki kana kan hanya kai kaɗai ba.”

Bayan azahar guguwar ta same su, ba su ma kai gonar ba. Yaya ya ce cikin ɗan lokaci sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, fari fat, ba titi, ba gefen titi, waifa na ta aiki a banza. A wata kwana ya taka birki, motar ta ƙi jin magana, ta sulale ta juya, gabanta ya nutse a rami, bayanta ya tare rabin hanya. Ya kira masu agaji. Suka ce su zauna cikin mota, kada su fita ko da wasa, za a zo idan an samu hali.

Baffa ya zauna na ɗan lokaci. Yaya ya ce yana ta waiwaye ta gilashin baya, yana murza hannu. Can ya ce, “Mun tare hanya a kan kwana. Wanda ya taho ba zai gan mu ba sai ya hau mu.”

“Baffa, na kunna wutar haɗari. An ce mu zauna.”

“Wutar da ni da ke cikin motar ba na gani?”

Ya tattara shimfiɗun ƙafa na motar da sallayarsa, ya ɗauki jak da sifana don dannewa, tunda ba reshe ko ɗaya a fili. Yaya ya riƙe masa hannu. Baffa ya dube shi ya ce, “Sake ni. Kai ka zauna, kana da jariri. Ban yafe ba in ka fito.” Ya buɗe ƙofa, iska ta kusa fizge ta, ya fita.

Yaya ya danna oda har hannunsa ya mutu. Ya buɗe ƙofa ya yi ta kira, iska na mayar masa da muryarsa. Ya fito yana dafe da jikin motar har bayanta, bai ga ko inuwa ba. Mai agajin da ke kan waya ta ce masa in ya saki motar nan gawa biyu za su nema. Da iska ta lafa, masu motar share hanya suka iso. Sun samu shimfiɗun nan da sallayar a jere, kowanne da abin danne shi, ƙanƙara ta binne su. Shi kuma suka same shi a jikin shingen wata gona, ba nisa da motar. Ya gama aikinsa, ya juyo, ya ɓace hanya.

Ba zan yi wa Baffa ƙarya ba, ko don in wanke shi. Alamun da ya jera ba su ceci kowa ba. An riga an rufe hanyar daga baya, ba motar da ta biyo su. Kuma mutanen can sun fi mu gaskiya a kan ƙasarsu. Duk ɗan'uwan da ke zaune a ƙasar sanyi ya ji ni da kyau: in an yi gargaɗin guguwa, kada ka hau hanyar ƙauye, ko sunan wa ake yi. In ta kama ka, motar nan ita ce ɗakinka. Ka zauna ciki, ka kula kada ƙanƙara ta toshe salansa hayaƙi ya dawo maka, ka jira. Mutum yakan ɓace yana dab da ƙofar motarsa, sanyin kuma ba ya jiran ka gane kuskurenka. Fitar Baffa kuskure ce, na faɗa.

Amma ruɗewa? Wanda ya ruɗe ne zai tuna ya ɗauki jak don kada iska ta kwashe shimfiɗa? Wanda ya ruɗe ne zai lissafa cewa a cikin su biyun, mai jariri ne ya kamata ya zauna? Shi ne fa ya ce kada a fita tun farko. Baffa ya san sanyin zai iya kashe shi. Abin da bai iya ba shi ne zama cikin ɗumi alhali motarsa ta zama tarko ga wani bawan Allah da bai sani ba. Ku kira shi mai taurin kai, zan sa hannu. Ruɗaɗɗe kam, ba a gabana ba.

Ƙaryar Kawu kuwa ta fi gaskiyar cin Inna. A shekarar korona ka ce wa tsohuwa ciwon ƙirji a asibiti, me kake so ta ɗauka? Ta ga bidiyoyin da ke yawo a waya, masu fararen kaya suna jefa gawa cikin leda a rami, ba wanka, ba dangi. Ta sa a ranta haka aka yi wa mijinta. Tana zaune kan sallaya cikin takaba, tambayarta ɗaya ce: “Wa ya yi masa wanka?” Kawu ya ce an yi. Ta ajiye wayar ta ce, “Muryar yayan nan nawa ba ta gaskiya ba ce, tare muka tashi.” Ɗanta kuma ya daina ɗaga wayarta, don ya san in ya ji muryarta ba zai iya riƙe ƙaryar ba. Ta daina cin abinci sai ruwan shayi. Zoben hannunta ya fara zamewa.

Na kira Kawu.

“Kawu, Allah ya ƙara girma, ni nake ganinta. Ƙarewa take yi.”

“Haƙuri za ta yi. Lokaci ne.”

“Ba mutuwar ce ke cin ta ba, Kawu. Gani take an binne shi kamar kaya.”

“Ke 'yar yaushe ce? Manya sun yanke magana. In kika faɗa jininta ya hau ta faɗi, ke kika kashe ta, kuma kada ki sake kirana Kawu.”

Maigidana ma ya ce in bari, maganar danginmu ce kuma manya sun yi magana. Na ce masa manyan suna Kano, ni ce nake kwashe kwanon da ba a taɓa ba. Tsoro kam na ji shi. In ta faɗi a hannuna cikin wannan kulle, ko asibiti ba za a bar ni in shiga da ita ba.

Da hantsi ne, an ɗauke ruwa, yara suna ɗaki suna karatu a kwamfuta. Na ba ta maganin hawan jininta, na jira ta haɗiye, na durƙusa a gabanta.

“Inna, an ce kada in faɗa miki. Zan faɗa. Baffa ba korona ce ta kashe shi ba, kuma ba a asibiti ya rasu ba.”

Ta ajiye carbi. Na faɗa mata duka, tun daga rago har shingen gona, ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗa mata Musulmin babban garin da ke kusa ne suka karɓe shi, limaminsu ya yi masa wanka Yaya na zuba ruwa, aka yi masa sutura da likkafani, aka sallace shi a fili cikin sanyi, kowa da takunkumi.

Ta sake ɗaukar carbinta. Ina kallon ƙirjinta, ina lissafin inda na ajiye makullin gida.

“Ɗansa ne ya zuba ruwan?”

“Shi ne, Inna.”

“Alhamdu lillahi.” Ta sauke numfashi. Sai kuma fuskarta ta haɗe. “Wai ruɗewa suka ce ya yi?”

“Haka suka ce.”

“Su ne ruɗaɗɗu. Tun ina amarya nake faɗa da shi kan tsayawa a titi, ban ci nasara ko sau ɗaya ba. Da an ce min ya zauna a motar nan yana jin ɗumi, da na ce a sake dubawa, ba mijina ba ne.” Muryarta ta karye. “Mai taurin kan tsiya. Ya bar ni a ƙasar mutane.”

Ta yi kuka sosai, irin mai sauti, wanda ba ta yi ba tun ranar da labarin ya zo. Na riƙe ta, ni ma ina yi. Da ta share fuska ta ce in kira mata Kanada da wayata, tunda tata ba a ɗagawa.

Yaya ya ɗauka. Na ce, “Inna ta sani. Ga ta.” Na miƙa mata wayar.

Yaya ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, sai “wannan” ko “yaron nan”, ko ta aiki wani ya faɗa masa. Ranar nan ta kai wayar bakinta ta kira shi da sunansa na yanka, ta maimaita.

“Na'am, Inna. Inna, ni na ce a fita. Ni na...”

“Na ji. Wannan tsakaninka da Allah ne, ka roƙe Shi. Amma zaman da ka yi a motar nan, ubanka ne ya ce ka zauna, ka zauna. Ka yi daidai. Shi ma ya je ya yi nasa. Kada ka sake ɓoye min, ba ni da wani ɗa namijin. Kana ji na?”

“Ina ji.”

“Allah ya ji ƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan ɗumi. Ka ce amin.”

Na ji yana kokawa da numfashinsa. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu tana jira, har ya iya buɗe baki ya ce amin.